JUYEN BAƘIN MAI: KA YI DA KANKA, KO KA KAI WA DILA?

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, a yau da wuya ka shiga ƙauye ba ka ji ƙarar inji ba. Wani yana da babur da yake kai taki gona, ya ɗauko amfani ya kai kasuwa. Wani yana da injin ban ruwa a fadama. Wasu kuma sun haɗa kuɗi sun sayi babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ko tsohuwar a-kori-kura. Tun shekarun 1980, lokacin da hukumomin raya aikin gona irin su KNARDA ta Jihar Kano suka fara yaɗa ƙananan injunan ban ruwa, zuwa shirin Fadama na farko a shekarun 1990, inji ya zama kayan aikin manomi kamar garma da fartanya.

To, amma inji yana da nasa haƙƙin. Babban haƙƙinsa shi ne baƙin mai mai kyau, a kuma juye shi a kan lokaci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin zirga-zirga ya hau, mu malaman gona muna ganin manoma da yawa suna jinkirta juye, suna cewa sai sun sami hanyar shiga birni. Kafin su sami hanyar sai inji ya buga, ga tumatir yana fure, ga albasa tana neman ruwa.

Tambayar da ake yawan yi mana ita ce: shin manomi ya yi juye da kansa, ko kuwa ya kai wa dilan da ya sayar masa da injin? Amsar a taƙaice ita ce: juye aiki ne da kowane manomi zai iya koya, kuma ya kamata ya koya, domin jinkiri da jabun mai su ne suka fi kashe injuna a ƙauye. Amma akwai lokatan da zuwa wurin dila ya zama dole. Wannan 'yar takarda za ta nuna maka yadda za ka rabe tsakani.

Aikin da baƙin mai yake yi a cikin inji

A cikin inji ƙarfe ne yake gugar ƙarfe. Injin ban ruwa na fetur yakan juya har sau 3,600 a minti ɗaya idan an buɗe masa wuta. Baƙin mai shi ne yake shiga tsakanin fistin da bangon silinda, da tsakanin sauran ƙarafan da suke juyawa, ya hana su cin juna. Ban da wannan yana da wasu ayyuka huɗu:

1. Yana kwashe zafi. Babur da injin ban ruwa ba su da lagireto, iska da baƙin mai ne kaɗai suke sanyaya su.
2. Yana wanke inji. Yana ɗauke kunkunniya da ƙura da garin ƙarfe, ya riƙe su a jikinsa har ranar juye.
3. Yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da silinda, don kada ƙarfin inji ya zurare.
4. Yana hana tsatsa.

Mai ba ya dawwama a kan ƙarfinsa. Zafi yana dafa shi, magungunan da kamfani ya zuba a cikinsa suna ƙarewa, datti kuma yana taruwa. Ƙasarmu kuwa ta haɗa abu biyu da inji ba ya so: ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da zafin bazara daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yakan haura 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri. Ƙura idan ta gauraya da mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ƙarfe a hankali. Kuma waɗannan watanni su ne na noman rani, lokacin da inji ya fi shan aiki.

Ka lura da wannan ma: ƙaramin injin ban ruwa ba shi da filtar mai ko kaɗan. Duk dattin da ya shiga ba shi da hanyar fita sai ranar da ka kwance notin juye.

Yaushe ake juye?

Kowane inji yana zuwa da littafinsa. Abin da littafin ya faɗa shi ne gaba da maganar kowa. Idan da Turanci yake, ka ba ɗanka ɗan makaranta ko Malamin Gona ya karanta maka. Ga misalin abin da za ka tarar:

Injin ban ruwa na fetur, irin Honda GX160 da masu kama da shi: juye na farko bayan sa'o'i 20 na aiki ko wata ɗaya, sa'an nan kowane sa'o'i 100 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Yana ɗaukar mai kimanin lita 0.6, wato rabin lita da ɗoriya.

Ƙaramin babur: juye na farko tsakanin kilomita 500 da 1,000, gwargwadon samfuri. Bayan haka, shawararmu ga babur mai bin hanyar ƙasa da kaya a baya ita ce kada ya wuce kilomita 2,000. Mafi yawansu suna ɗaukar kimanin lita ɗaya.

A-kori-kura mai bin hanyar ƙauye: kowane kilomita 5,000 ko wata shida, a canza filtar mai tare.

Tarakta kuwa tana da agogon da yake ƙirga sa'o'in aikinta. Da shi ake lissafi, kuma sabis ɗinta na farko galibi a sa'o'i 50 ne.

Yanzu ka yi lissafi da kanka. Manomin da yake ban ruwa sa'o'i 8 a rana, kwana uku a mako, zai cika sa'o'i 100 cikin mako huɗu da 'yan kwanaki. Wanda yake ba da hayar injinsa yana aiki kullum, cikin kwana 13 ya cika. Mai babur da yake yin kilomita 40 a rana zai cika 2,000 cikin kwana 50. Ka ga ke nan a rani ɗaya injin ban ruwa zai bukaci juye sau uku, sau huɗu, ko fiye. Wane manomi ne zai riƙa ɗaukar inji daga fadama zuwa Kano ko Zariya ko Gusau duk bayan mako biyu?

Akwai kurakurai uku da suka yaɗu game da lokacin juye. Na farko, ciko ba juye ba ne. Idan ka ƙara sabon mai a kan tsoho, dattin yana nan inda yake. Na biyu, launin mai ba ma'auni ba ne. Man injin gas yakan yi baƙi ƙirin cikin 'yan kwanaki domin yana riƙe kunkunniya, alhali da sauran ƙarfinsa. Na uku, murza mai da yatsu ba ya gaya maka ko magungunan cikinsa sun ƙare. Sa'o'i da kilomita su ne ma'auni.

Abin da dila yake ba ka, da abin da yake ci maka

Kada a raina aikin dila. Idan ka kai injinka wurin wakilin kamfani na gaskiya za ka sami waɗannan:

1. Mai da filta na asali, irin waɗanda aka ƙera injin don su.
2. Makanikan da aka horar a kan wannan samfuri, da kayan aikin da suke ɗaure noti daidai awonsa.
3. Ba juye kaɗai za su yi ba. Za su duba bawul, fulogi, birki, kuloci da sarƙa, su ga ciwon da kai ba ka gani ba.
4. Za su buga hatimi a littafin sabis. Wannan hatimi shi ne shaidarka idan garanti ya taso, kuma yana ƙara wa abin hawa daraja ranar da za ka sayar.

Abin da yake ci maka kuwa shi ne kuɗin aiki, da kuɗin mota ko man zuwa da dawowa, da abincin hanya, da yini guda ko biyu da ka bar gona. Dilolin suna manyan garuruwa, gona kuwa tana daji. Wannan nisa shi ne yake sa manomi ya ce gobe, ya ce jibi, har mai ya wuce lokacinsa ninki biyu. Sabis mai kyau da aka yi a makare bai kai juyen gida da aka yi a kan lokaci amfani ba.

Abin da za ka samu idan ka yi da kanka

Kuɗin mai kaɗai za ka kashe, sai filta idan mota ce. Galan ɗaya mai lita 4 zai yi wa injin ban ruwa juye shida har da ragowar ciko. Aikin bai wuce rabin sa'a ba, a gindin gonarka. Da idonka za ka ga man da ya shiga, da idonka za ka ga wanda ya fito. Kuma wanda yake taɓa injinsa da kansa shi yake fara lura da yoyo, da notin da ya saki, da sarƙar da ta yi sako-sako.

Hatsarinsa ma sai a faɗa. Mai koyo yakan matse notin juye fiye da kima har ya cinye zaren. Jikin injin babur da na ban ruwa na sanholo ne, ba shi da taurin ƙarfe, gyaran zaren kuwa aiki ne mai tsada. Yakan zuba mai ya yi yawa ko ya gaza. Yakan sayi man da bai dace ba. Duk waɗannan ana kauce musu idan an bi ƙa'idojin da ke ƙasa.

Lokatan da zuwa wurin dila ya zama dole

1. Idan injin sabo ne yana cikin garanti. Ka karanta sharaɗin da kyau tun ranar saye. Kamfanoni da yawa suna sharɗanta cewa wakilinsu ne zai yi sabis na farko-farko. Wasu ma ba sa karɓar kuɗin aiki a kan waɗannan, sai na mai. Idan ka tsallake su, ranar da inji ya sami matsala za su iya cewa ba ruwansu. Ka tambayi dila a fili: "Idan na yi juye a gida tsakanin sabis da sabis, garantina yana nan?" Ka ajiye rasit ɗin duk man da ka saya.

2. Idan da bashi aka sayi abin, ko na ƙungiya ne. Dukiyar jama'a tana bukatar shaida a rubuce, don gudun zargi da rigima tsakanin 'yan ƙungiya.

3. Idan aikin ya wuce juye: saita bawul, gyaran nozul da famfon gas, kuloci, canza ringi, ko wutar lantarkin sabuwar mota mai kwamfuta.

4. Idan fitilar mai ta kama a gaban mota alhali inji yana aiki. Ka kashe nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gida. A jawo motar, ko a kirawo makaniki inda take.

5. Idan tsohon man da ka juye ya nuna alamar ciwo, kamar yadda za a bayyana a gaba.

Ko ba ɗaya daga cikin waɗannan, yana da kyau sau ɗaya a shekara ƙwararre ya duba maka abin hawa gaba ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da akwai kuɗi a hannu, kafin aikin rani ya kankama.

Yadda za ka zaɓi mai

A jikin kowace robar mai ta gaskiya akwai rubutu iri biyu ko uku da ya kamata ka sani.

Na farko lambar SAE, wadda take nuna kaurin mai, kamar 10W-30, 15W-40, 20W-50, ko SAE 40. Lambar farko tana nuna yadda man yake gudana da sanyin safiya, ta biyu tana nuna kaurinsa idan inji ya yi zafi. Littafin Honda GX160 ya ce 10W-30 ne na yau da kullum. Ƙananan babura da yawa a ƙasar nan 20W-50 ake zuba musu. Injin gas galibi 15W-40. Sababbin motocin fetur kuwa suna son mai mara kauri kamar 5W-30. Kada ka ɗauka mafi kauri shi ne mafi kyau. Man da ya yi kauri da yawa ba ya saurin kaiwa saman inji da safe.

Na biyu harufan API, waɗanda suke nuna ingancin mai. Wanda ya fara da S na injin fetur ne, kamar SL na 2001, SN na 2010, da SP na 2020. Wanda ya fara da C na injin gas ne, kamar CH-4 na 1998 da CI-4 na 2002. Ka sayi wanda littafi ya ambata ko wanda ya biyo bayansa.

Na uku na masu babur ne. A ƙaramin babur mai ɗaya ne yake yi wa inji da giya da kuloci aiki. Wasu man mota suna da maganin ƙara santsi wanda yake sa kulocin babur ya riƙa zamewa. Saboda haka ka nemi robar da aka rubuta 4T da JASO MA ko MA2. Wanda aka rubuta 2T daban ne: na injunan da ake gauraya musu mai da fetur ne, irin su injin feshi na goyo mai mota da zarton yanka itace. Su ba a yi musu juye, kuma ba a zuba 2T a injin da ake yi wa juye.

Ka yi hattara da jabu. Akwai masu tattara robobin da aka yar, su cika su da man da ba shi da magani ko tsohon man da aka tace, su sayar. Don haka:

1. Ka saya a gidan mai ko shagon da aka san shi, ka karɓi rasit.
2. Ka duba zoben murfi, a tabbata ba a taɓa fasa shi ba.
3. Idan a Nijeriya aka haɗa man, ka nemi tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya.
4. Ka guji man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin titi, domin ba ka san asalinsa ba.
5. Idan farashi ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran wurare, ka tuna araha ba ta ado.
6. Idan robarka ta ƙare, ka huda ta kafin ka yar.

Kayan da za ka tanada

Sifana mai zobe daidai kan notin juye, mazurari mai tsabta, tsohon kwano ko yankakkiyar jarka ta tarar tsohon mai, tsumma mai tsabta, sabon washa na notin juye, da jarka mai murfi ta ajiye tsohon mai. Idan mota ce, sai ka ƙara da sabuwar filta da abin kwance ta. Kada ka yi amfani da filaya ko guduma da kurfi a kan notin juye, za su cinye masa kai.

Yadda ake yin juye

1. Ka ajiye inji a wuri mai daidai, inda iska ba ta kwaso ƙura. Babur a ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya.
2. Ka tayar da shi minti uku zuwa biyar don mai ya yi ɗumi ya saki, sa'an nan ka kashe. Idan daga aiki ya fito, ka jira ya huce. Mai mai zafi yana ƙuna kamar man suya.
3. Ka goge kewayen murfin zuba mai da na notin juye, don kada yashi ya faɗa ciki.
4. Ka buɗe murfin sama, ka sa kwano a ƙasa, ka kwance notin juye. Ka tabbata shi ne, domin a mota akwai na giya ma a ƙasa.
5. Ka bar mai ya tsiyaye sarai. Injin ban ruwa sai ka ɗan karkata shi wajen ramin.
6. Idan babur ɗinka yana da 'yar raga mai tace mai, ka wanke ta, ka shanya, ka mayar yadda ka same ta.
7. Idan mota ce, ka kwance tsohuwar filta, ka duba kada tsohuwar robarta ta maƙale a jikin inji. Ka shafa sabon mai a robar sabuwar, ka ɗaura da hannu. Idan robar ta taɓa jikin inji sai ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Ba a matse filta da ƙarfe.
8. Ka sa sabon washa, ka fara ɗaura notin juye da yatsu har ya zauna. Idan ya yi gardama tun farko, ya hau zare a karkace ne, ka kwance ka sake. Sa'an nan ka ɗan matse da sifana. Kada ka taka da ƙafa, kada ka ƙara wa sifana bututu.
9. Ka zuba sabon mai da mazurari, daidai awon da littafi ya faɗa.
10. Ka duba geji, wato 'yar sandar auna mai. Mai ya tsaya tsakanin alamar ƙasa da ta sama, kusa da ta sama. A injin ban ruwa irin GX160 ana zura gejin ne ba tare da an murɗa shi ba, kuma mai yakan tsaya daidai bakin ramin zubawa. Idan mai ya yi yawa yakan yi kumfa, ya tura sil, inji ya riƙa hayaƙi.
11. Ka rufe, ka tayar da inji ya yi minti biyu ba tare da ba shi wuta ba. A mota fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Ka kashe, ka jira kaɗan, ka sake duba geji, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga.
12. Kafin ka tashi, ka buɗe matatar iska ka tsabtace ta. Sabon mai da toshasshiyar matatar iska aikin banza ne. A lokacin hunturu ka riƙa duba ta kowane 'yan kwanaki.

Gargaɗi biyu. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka tokare ta da ƙaƙƙarfan katako, ka ja birkin hannu, ka sa duwatsu a tayoyi. Kuma kada ka zuba kananzir ko gas a cikin inji ka tayar da shi da sunan wanki. Ba sa hana ƙarfe cin ƙarfe, kuma ragowarsu tana tsinka sabon mai.

Abin da tsohon mai yake gaya maka

Kafin ka kawar da kwanon, ka fito da shi cikin rana ka duba.

Idan man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. A mota wataƙila gasket ɗin kan inji ne ya ƙone. A babur wataƙila an ratsa rafi da shi.

Idan ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, ko gutsattsari a ƙasan kwano, wani abu yana cin kansa a ciki. A juyen farko na sabon inji ɗan garin ƙarfe ba abin damuwa ba ne, shi ya sa ma ake yin wannan juye da wuri. A tsohon inji kuwa alamar ciwo ce.

Idan man ya tsinke yana warin fetur, ko ka ga ya ƙaru a geji ba ka yi ciko ba, fetur yana zurarewa daga kafireta. Ka riƙa rufe famfon fetur duk lokacin da ka kashe injin ban ruwa, musamman idan za a ɗauke shi a kan babur.

Idan abin da ya fito bai kai rabin abin da ka zuba ba, kuma salansa yana shuɗin hayaƙi, inji yana shan mai.

Duk wanda ka gani a cikin waɗannan, aikinka ya ƙare, na ƙwararre ya fara. Gyaran da aka yi da wuri ya fi sauke inji sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan bakaniken gari za ka ba

Wani manomin ba shi da kayan aiki, ko hannunsa bai faɗa ba tukuna. Ba laifi ya ba bakaniken garinsu. Amma ka sayo manka da kanka, a fasa murfin a gabanka, ka tsaya har a gama, ka karɓi robarka da ragowar manka. Ka kuma sa ido ka ga yadda yake yi. Juye biyu ko uku sun isa ka koya.

Ina za a kai tsohon mai?

Tsohon baƙin mai guba ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya na mota zai iya ɓata ruwan sha galan miliyan ɗaya. A fadama kuwa ruwa yana kusa da sama, abin da ka zubar a ƙasa zai iske rijiyar da kake sha kake ban ruwa da ita. Saboda haka:

1. Kada ka zubar a gona, ko magudanar ruwa, ko kusa da rijiya da tafki.
2. Kada ka shafa wa dabba a kan ƙazuwa ko gyambo, kada ka shafa wa mutum. Dabba tana lasa, yana kuma shiga ta fata. Ka nemi malamin dabbobi.
3. Kada ka hura wutar girki da shi, hayaƙinsa yana cutarwa.
4. Kada ka zuba man gyaɗa, nono ko ruwan sha a robar da ta taɓa ɗaukar baƙin mai, ko an wanke ta.
5. Ka tara shi a jarka mai murfi inda yara ba sa kaiwa, ka kai gareji ko gidan mai da suke karɓa.
6. Ka wanke hannu da sabulu da zarar ka gama. Yawan zaman tsohon mai a jiki yana iya jawo ciwon fata mai tsanani.

Ka riƙa rubutawa

Ka sami ɗan littafi na inji kaɗai. Ka rubuta ranar juye, irin man da ka zuba, da lambar da mita ta nuna. Injin ban ruwa ba shi da mita, sai ka riƙa rubuta sa'o'in da ya yi kowace rana, ko ka ja layi a bango da gawayi. Idan mitar babur ta mutu, ka ƙiyasta tafiyarka ta yini ka mayar da ita kwanaki. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, muddin an rubuta.

Idan rani ya ƙare za ka ajiye injin ban ruwa, ka yi masa juye kafin ajiya, ka tsiyaye fetur daga tanki da kafireta, ka zubar da ruwan da ya kwanta a cikin famfo, ka rufe shi a wuri busasshe. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ka tuna

1. Ka duba geji kowace safiya kafin ka tayar da inji.
2. Sabon inji mai garanti, da na bashi, da na ƙungiya, a kai wa dila.
3. Juyen yau da kullum ka yi shi da kanka, a kan lokaci, da man da littafi ya ce.
4. Abin da ya wuce juye, ka bar wa ƙwararre.
5. Tsohon mai kada ya taɓa ƙasa, ko ruwa, ko jikin dabba.

Idan ƙungiyarku tana son a nuna mata yadda ake juye a aikace, ku haɗa injunanku wuri ɗaya ku sa rana. Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi Malamin Gona na yankinku. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, amin.